Mas'alar Ƙawata Gida da Girkin Salla: Tsakanin Godiya da Alfahari

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata gare shi, shi ne ya sanya wa bayinsa ranakun wahala da ranakun farin ciki, ya halatta musu daɗaɗan abinci da kyawawan tufafi, ya hane su ga ɓarna da girman kai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, akwai wata mas'ala da take tasowa a zaurukan karatu na ƙasar Kura da Bunkure duk sa'ad da Salla ta gabato. Ita ce wannan ɗawainiya da iyalan gida suke yi, ta shafe ɗakuna da wanke jere da saƙa sababbin faya-fayai da kwana a gindin murhu: shin tana cikin abin da ake samun lada a kansa, ko kuwa ƙofa ce ta almubazzaranci da alfahari wadda ya kamata malamai su rufe? Wasu sun tsananta, suka ce duk wannan shagala ce da duniya. Wasu sun sake, suka ce ranar Salla ba a yi wa tukunya ma'auni. Mu kuwa muna nufin mu auna maganar ɓangarorin biyu, sa'an nan mu nuna wurin da muke ganin hatsarin yake, domin wuri ne da dukansu ba su cika dubawa ba.

Fasali na farko: A kan asalin ni'imar da muke magana a kanta

Ba a gane hukuncin godiya sai an san girman abin da aka bayar. Dattawanmu suna tuna farin da ya auka wa ƙasashen nan a 1972 da 1973, sa'ad da rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, dabbobi suka mutu a hanya, mutanen arewa suka gangaro neman abin sawa a baka. A wancan zamani manomin ƙasar nan noma ɗaya yake yi a shekara, in damina ta ƙare sai ya tafi ci-rani ko ya zauna ga sana'ar hannu. Tuwon shinkafa kuwa abincin Salla ne da biki, yaro yana ƙirga watanni kafin ya sake ganinsa.

Sai aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwan kogin Kano ta manyan magudanu, waɗanda manoma suke kira kanal, zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Daga nan ƙasar da take bushewa wata bakwai ta zama kore a tsakiyar rani. Aka noma alkama da tumatir da albasa da masara, aka noma shinkafa har Kura ta yi suna da ita, manyan motoci suka riƙa lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Shinkafar tuwo da ta waina da ta nakiya, da alkamar funkaso da ta alkaki, da tumatir da attaruhun miya, duka suna fitowa daga gonakin da mutum yake hangowa daga ƙofar gidansa. Wannan ni'ima ce babba, kuma kowace ni'ima tana tafe da tambaya.

Fasali na biyu: A kan hujjar masu hani da jawabinta

Masu hani suna cewa: an gama azumin wata guda domin karya sha'awar ciki, ta yaya za a wayi gari a mayar da ciki sarki? Suna cewa kuma magabata na ƙwarai sun gudu daga adon duniya, ɗakunansu ba su san jere ba.

Jawabi shi ne, shari'ar da ta wajabta azumin Ramalana ita ce ta haramta azumi ranar Idi, ƙarama da babba. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun so mutum ya ci wani abu kafin ya fita masallacin Idi a ƙaramar Salla, ya jinkirta ci a babbar Salla har ya dawo. Sun so wanka da turare da sanya mafi kyawun tufafi. Ranar da aka hana kame baki a cikinta, aka so ado a cikinta, ba za a ce wanda ya dafa abinci mai daɗi ya share gidansa ya saɓa wa manufarta ba. Zakkar fid-da-kai ma, wadda take mudu 4 da mudun Annabi daga abincin da ya rinjaya a gari, an so a fitar da ita kafin sallar Idi domin matalauci ya wadatu a wannan yini. Da cin abinci a ranar abin ƙi ne, da ba a ɗora wa kowane mai hali ya tabbatar tukunyar maƙwabcinsa ta hau wuta ba.

Game da gudun duniya kuwa, gudun yana cikin zuciya. Sau da yawa an ga mai tsumma wanda zuciyarsa take cike da kwaɗayi, an ga mai babbar riga wanda dukiya take hannunsa ba ta shiga ransa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddini cewa kowane kyakkyawan hali yana tsakanin munana biyu, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Magidancin da yake da hali, ya bar 'ya'yansa suna leƙen gidan maƙwabta ranar Salla, yana kiran abin da ya yi tsantseni, to ya sake duba sunan. Sau da yawa rowa takan ari rawanin malamai.

Fasali na uku: A kan aikin hannu da haƙƙin masu yinsa

Ka duba abin da matan ƙasar nan suka gada. In Salla ta matso sai a jiƙa farar ƙasa a shafe bango. A gidajen ƙasa ana sabunta daɓe, a yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a buga da madaɓi har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi. A sauke kwanuka da tasoshi a wanke su a sake jera su. A rina kaba a saƙa faifai mai launi domin rufe kwano, a saƙa tabarma da mafici, a zana ƙwarya da ƙarfe mai zafi. 'Yan mata su daka lalle, a yi kitso, a haɗa turaren wuta. Samari su zauna da allura da zare suna ƙarasa hular da za a sa ranar Idi. Kura kuwa gari ne da marinansa da masu bugunsa suka yi suna tun kafin zuwan Turawa, turkudinsa da rawaninsa mai sheƙi suka kai har wurin Buzayen Azbin. Mutanen da kakanninsu suka tufatar da Sahara bai kamata su raina aikin yatsunsu ba.

Muna ganin wannan aiki yana da falala uku a kan abin da ake sayowa a kasuwa. Ta farko, ba ya jawo bashi, domin farar ƙasa da kaba da makuba suna kusa da hannun talaka. Ta biyu, makaranta ne: yarinyar da ta zauna kusa da kakarta tana koyon saƙa tana koyon haƙuri da tsabta da kammala abin da aka fara. Ta uku, yana rage tazara tsakanin gidaje, domin matar da ba ta da kuɗi amma tana da hannu tana iya fitar da ɗaki wanda ya fi na matar attajiri kyau. In ado ya koma abin saye kaɗai, labule da kujeru da kwanukan waje, to aljihu ne yake magana, mai ƙaramin aljihu kuwa ba shi da bakin amsawa. Ba mu ce sayen kaya haramun ne ba. Mun ce garin da ya bar sana'ar hannunsa ta mutu ya ƙwace wa matalautansa hanyar da suke yin ado ba tare da kunya ba.

Sai dai a nan akwai haƙƙi da maza suke mantawa. Wannan aiki duka a wuyan mata yake. Ita ce ta yi azumi kamar yadda ka yi, ta tashi dafa sahur kana barci, sa'an nan daren Salla ta kwana tana jiƙa shinkafa tana kai niƙa tana suyar waina, gari ya waye ka fita da sabuwar riga mutane suna yaba girkin gidanka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi kakkausar magana a cikin Nurul Albabi a kan mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗora musu girki da wanki, ba su koya musu abin da Allah ya wajabta musu ba. To ka sani, girkin Salla kyautatawa ce daga gare ta, sakamakon kyautatawa kuwa godiya ce da taimako. Ka kawo itace ko gawayi da wuri. Ka sa samarin gida su ɗebo ruwa su kai niƙa. Kada ka gayyato mutum ashirin ka sanar da ita da hantsi. Kada yawan tukwane ya sa ta fitar da salla daga lokacinta, domin walimar da ta ci farillar mai dafa ta an gina ta a kan asara.

Fasali na huɗu: A kan ma'auni da bashi

In ka ce: to ina iyakar da in an wuce ta an shiga almubazzaranci? Sai mu ce ba a auna ta da yawan tukwane, domin abin da yake daidai a gidan mai kadada goma ɓarna ne a gidan ɗan ƙwadago. Ana auna ta da tambayoyi uku. Daga ina abin ya fito? Me ya hana? Ina ya ƙare?

Shekarar wata tana gaza shekarar rana da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka Salla tana zagaya damina da kaka da rani cikin shekara 33. Wata shekara takan zo rumbu cike, wata shekara takan zo hannu wofi. A 2025 ƙaramar Salla ta zo ranar 30 ga Maris, lokacin da amfanin rani yake shigowa. Babbar Salla kuwa ta zo ranar 6 ga Yuni, a bakin damina, sa'ad da kuɗin rago da kuɗin taki suke fitowa daga aljihu ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, kuɗin niƙa da na mota da na ban ruwa da inji suka hau. Mai hankali yana duban wace irin shekara Salla ta same shi, ya yanka rigarsa daidai ƙyallensa.

Malamanmu sun sauƙaƙa. Layya sunna ce mai ƙarfi, amma Shaihu Halilu ya ƙayyade ta a cikin Muhtasar ga wanda ba za ta cutar da shi ba. Wanda ya sayar da takin da zai sa wa shinkafarsa domin ya ɗaure ragon da ya fi na maƙwabci, ko ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai biya da ƙari in kaka ta yi, wannan ya sayi yabon yini ɗaya da yunwar shekara, in akwai riba a ciki kuma ya haɗa da zunubi. Ka tambayi zuciyarka: da ba mai ganin wannan rago, da ba mai shiga wannan ɗaki, zan yi abin da nake yi? In amsar i ce, ka yi, Allah ya sa albarka. In a'a ce, to ka san wa kake yi wa Salla.

Haka nan abin da ya ƙare a juji. Duk wanda ya zaga bayan gidaje kashegarin Salla ya ga tuwon da ya kwana ya lalace an zubar. Mutumin da ya san yadda ake tsayawa cikin ruwa ana dashen shinkafa, da yadda ake korar tsuntsu tun asuba, da yadda mata suke turara ta a bakin wuta su shanya ta a rana, shi ne ya fi cancantar ya ji nauyin zubar da loma ɗaya.

Fasali na biyar: A kan inda kwano yake zuwa

Yanzu mun iso wurin da muka ce ɓangarorin biyu ba su cika dubawa ba. Masu hani suna kallon yawan abin da aka dafa, masu saki suna kallon daɗinsa, amma tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ya ci.

Al'adarmu ce ranar Salla yara su fita da kwanuka rufe da faifai, a kai gidan wane, a kai gidan wance, kowane kwano ya dawo da abin da aka zuba a can. Al'ada ce mai kyau. Amma ka bi sawun kwanukan nan da idon basira. Za ka tarar mafi yawansu suna yawo ne tsakanin gidajen da suke iya ramawa. Kwanon da ya fi nama yana zuwa gidan da ya fi nama. Mai unguwa da attajiri da babban malami, waɗanda tukwanensu suka cika, su ne kwanuka suke taruwa a zaurensu har a rasa mai ci. Gidan da bai hura wuta ba kuwa, da yake ba ya aikowa, ba a aika masa.

Manomin ƙasar nan ya san wannan ciwo a gonarsa. Wanda gonarsa take kusa da bakin kanal shi ruwa yake fara iskewa, yakan sha har ya yi ambaliya. Wanda yake can ƙarshen magudana yakan kwana yana jira, in na gaba sun toshe, ko kacalla ta cike hanya, sai ya ga tumatirinsa yana yaushi alhali ruwa bai ƙare a Tiga ba. Domin haka aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, a yi rabo, a yashe magudanu, na ƙarshe ya samu. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarshen magudana ya san ƙishirwar gonarsa daga rabo take. To abincin Salla ma haka yake gudana, yana da na bakin kanal yana da na ƙarshe.

Su wane ne na ƙarshe? Su ne 'yan ci-rani da suka zo tsinkar tumatir da yankan shinkafa, Salla ta same su nesa da iyalansu, suna kwana a rumfunan kasuwa. Ita ce matar da mijinta ya rasu, tana turara shinkafar wasu a biya ta, hannunta ya taɓa buhu ɗari ba ta da mudu ɗaya nata. Shi ne almajirin da iyayensa suke wata ƙasa. Shi ne tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni. Shi ne kuma manomin da ya saba bayarwa, shekara ta juya masa baya, kamar yadda ya faru ga mutane da yawa a 2016 sa'ad da tsutsar da ake kira sharon ta cinye tumatirin ƙasar nan. Wannan na ƙarshe ya fi kowa wuyar ganewa, domin zai sa tsohuwar rigarsa wankakkiya ya fito yana murmushi, ba zai roƙa ba ko zai mutu.

In ka ce: ai musayar kwano tsakanin dangi da abokai sada zumunci ne, shin za a bar shi? Sai mu ce ba za a bar shi ba. Shaihu Halilu ya ambata cewa an so mai layya ya haɗa abu uku, ya ci, ya yi sadaka, ya yi kyauta, ba tare da an yanka masa iyaka ba. Kyauta ga aboki tana da gurbinta, sadaka ga mabukaci tana da nata, ɗaya ba ta ɗauke ɗaya. Abin da muke tsoro shi ne mutum ya ƙirga kwano goma da ya fitar ya ɗauka ya yi sadaka, alhali goman sun dawo masa cike. Wannan ciniki ne mai daɗi tsakanin masoya, amma mabukaci bai gani ba. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta hana sayar da kome daga dabbar layya, ko da fatarta ce. Hikimar da muke hanga a nan ita ce, abin da aka yanka domin Allah ba a mayar da shi jari. Ya kamata mai hankali ya ji tsoron mayar da shi jarin neman fada da neman a rama.

In ka ce kuma: in na aika wa wanda ba shi da abin ramawa, ai na kunyata shi, domin kwano ba ya komawa wofi. Sai mu ce wannan magana ce ta mai lura, kuma tana da magani. Ka aika da ɗanyen kaya tun kafin ranar, shinkafa da mai da kayan miya, da dare, ta hannun wanda ba ya surutu, domin ita ma ta hura wutarta, hayaƙi ya tashi a gidanta kamar kowane gida, 'ya'yanta su ci girkin uwarsu, har ta sami abin zubawa a kwanon maƙwabta. Wannan ya fi dafaffe, domin dafaffe yana ƙosar da ciki, ɗanye kuwa yana tsare mutunci. In dafaffen ne, a ce wa yaro ya ajiye ya taho, a karɓi kwano wata rana. Baƙo da ɗan ci-rani kuwa a kira su zaure, a ci tare da su a akushi ɗaya, kada a miƙa musu a bakin ƙofa. In matalauciya ta aiko maka da ɗan abin da ta iya, ko da tuwon dawa ne da miyar kuka, ka ci a gaban ɗan aikenta ka yaba, domin karɓa da kyau ita ma kyauta ce.

Kammalawa

Abin da ya tattaru daga wannan bayani shi ne, ƙawata gida da girkin Salla halal ne a asalinsu, suna zama abin lada in an nufi godiya ga Allah da faranta ran iyali, suna zama abin zargi in an gina su a kan bashin riba, ko a kan zaluntar mai dafawa, ko a kan neman a gani a faɗa. Alamar da mutum zai gane wanne yake ciki ba ta ɓuya: kafin a sauke tukunya, maigida da uwargida su zauna su ambaci gida uku ko huɗu a unguwarsu waɗanda suka san ba za su iya ramawa ba, a fara cika kwanonsu daga saman tukunya, tun nama bai ƙare ba, sa'an nan a zuba na sauran. Gidan da ya yi haka, ya shafe bangonsa ya jera kwanukansa ya ci ya sha, babu laifi a kansa in Allah ya so.

Allah ya sa mu cikin masu godiya, ya tsare mu daga riya da rowa da ɓarna, ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu da tukwanenmu, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wanda ya karanta wannan ko ya kwafe shi, muna roƙonsa addu'a. Allah shi ne mafi sani.